Abin Da Na Koya A Gidan Makama

A Sabon Gari aka haife ni, amma ban taɓa jin tarihin Kano ya shafe ni ba, sai ranar da malaminmu ya kai mu Gidan Makama. A nan muka ji cewa tun wajen ƙarni na 7 maƙera ke narka tama a Dutsen Dala, kuma Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwa kimanin shekara 900 da suka wuce.

Da na tsaya gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, sai kunya ta kama ni. Sau da yawa nakan ga ana haƙar ƙasar ganuwa ana buga tubali, in wuce ban ce uffan ba.

'Yan'uwana ɗalibai, garin da ya rene mu namu ne. Ubangiji ya ba mu ikon riƙe amanarsa, amin.