Ina Muka Kai Sunayen Kifaye Da Itatuwanmu?

Jama'a, akwai wata asara da muke yi a nan Yawunde wadda ba a zaman makoki dominta, wato asarar sunaye. Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta Briqueterie, wadda muke kira Birik, ya san Hausa ba ta mutu ba. Da ita ake ciniki, da ita ake faɗa, da ita ake sulhu. Amma a tara samari goma a ce kowa ya kawo sunan kifi biyar da Hausa. Da wuya a wuce tarwaɗa, daga nan sai a koma makaro da kapitan da silir, kalmomin da muka tsinto daga Faransanci a bakin masu sayar da kifin ƙanƙara.

Na daɗe ina tunanin dalilin haka, kuma a kasuwar shanu ta Etoudi na ga bakin zaren. A can yaro ƙarami zai bambance maka bijimi da karsana da maraƙi, ya nuna maka gudali tun daga nesa. Haka mahautanmu da masu tsire, babu wani yanki na jikin saniya da ba su da sunansa, daga tozo har tumbi. Ashe kalma tana rayuwa ne inda sana'arta take raye. Fawa da dillancin shanu sun biyo mu kudu, su kuwa su da noma da shiga daji mun baro su a arewa, sunayensu kuma suka fara bin su ɗaya bayan ɗaya.

Kakata ta wajen uba, wadda iyayenta suka zo ƙasar nan fatauci, ba ta taɓa cewa "kifi" kawai ba idan an kawo banda daga Garwa ko Maga. Sai ta juya shi ta ce wannan kurungu ne, a yi hankali da ƙayarsa, wancan ƙarfasa, wannan kuma tsage mai haƙora kamar zarto. A bakinta na fara jin minjirya, kifin da ke fizgar mutum kamar ya taɓa wayar lantarki, da talibambam mai kumbura ciki idan an taɓa shi. Idan ta ga ɗan kasuwa ya zauna yana cin uwar kuɗinsa sai ta ce ya zama gaiwa. Sai da na girma na gane zurfin maganar. Gaiwa kifi ce da idan fadama ta ƙafe takan shige cikin laka ta lulluɓe kanta, ta yi watanni tana rayuwa da abin da ke jikinta har ruwa ya dawo. Wanda bai san gaiwa ba zai ji zambon, amma ba zai san inda ya sare shi ba.

Dubi yadda kakanninmu suka raɗa sunayen. Sun ɗauki dabbobin tudu suka kai su ruwa. Kifin da ya fi kowane girma suka ce giwan ruwa, wani mai tsoka suka ce ragon ruwa. Giwan ruwan nan shi ne kapitan ɗin kogin Binuwai da ake yayi a gidajen abinci, kuma shi masunta suka fi fatan kamawa a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Wani abin mamaki shi ne kifin da mutanen Akonolinga da Ayos suke alfahari da shi, wanda suke kira kanga. Asalinsa na kogunan arewa ne, a tsakiyar ƙarni na 20 aka kawo shi kudu don kiwo, ya bazu a kogin Nyong. Hausawa sun san shi tuntuni da sunan bargi. Baƙo ne kamarmu, ya zo ya sami sabon suna, mu kuma muna saye muna ci ba mu san ɗan gida ba ne.

A wajen ganye da itatuwa abin ya fi taɓa aljihu. Kwanakin baya wata 'yar ƙanwata ta sayo wa mahaifiyarta garin moringa a ƙaramar roba da tsada, don an ce yana ƙara jini. Tsohuwa ta buɗe ta sansana ta ce, "Ke 'yar nan, ai zogale ne!" Ga bishiyarsa a bayan gida awaki na ci. Yarinyar ta san zogale a kwaɗo, ta san moringa a rediyo, ba wanda ya taɓa gaya mata abu ɗaya ne. Haka ndole da makwabtanmu suke ji da shi, shuwaka ce. Folon alayyafo ne, kelenkelen lalo ne, man karite man kaɗe ne. Folere kuwa, da muka ara daga Fillanci, mu sunaye biyu muke da su: ganyen yakuwa, abin sha kuma zoɓo. Aron kalma ba laifi ba ne, kowane harshe yana yi. Laifin shi ne a karɓi na aro a jefar da na gida, har ya zama idan tsohuwa ta ce a nemo mata sabara ko saƙesaƙin marke babu jikan da ya san abin da zai tambaya a kasuwar Mokolo.

Sunayen nan kuma tarihi ne ga mai lura. Masara ta ɗauki sunanta daga ƙasar Masar. Albasa da alkama daga Larabci suka shigo, alamar hanyar da suka biyo ta Sahara. Gwanda ta asali ita ce ta daji; da baƙuwa ta zo aka ce mata gwandar Masar, daga baya ta ƙwace sunan kacokan, ta bar 'yar gida da laƙabin gwandar daji. Zogale kansa a wasu sassan Nijar tamakka ake ce masa. Bishiyar nan mai ɗaci da aka kawo daga Indiya zamanin Turawa kowace ƙasa da abin da ta kira ta: wasu darbejiya, wasu dogon yaro, wasu maina, wasu bedi. Da jin sunan da tsoho ya kira ta za ka iya cankar inda iyayensa suka fito. Garuruwa da unguwanni ma sun ci sunan itatuwa, kamar Kurna da Rimin Gado a Kano, da Magarya a Nijar. Yaron da bai san kurna bishiya ce mai 'ya'ya ba, sunan unguwa kawai zai ɗauke ta.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa samu ba. Lokacin da masana'antu suka kwashe mutanen ƙauyukan Ingila zuwa birane, masanansu sun ga sunayen da manoma da masunta ke kiran ciyayi da kifaye suna ɓacewa. A 1873 suka kafa ƙungiya ta musamman don tattara kalmomin karkara. James Britten da Robert Holland suka fitar da ƙamus na sunayen tsirrai kaɗai tsakanin 1878 da 1886, inda za ka tarar fure ɗaya yana da sunaye barkatai, kowace gunduma da nata. Joseph Wright, wanda ya fara rayuwa a matsayin yaron masaƙa, ya haɗa babban ƙamus na karin harsunan Ingilishi mai juzu'i 6 daga 1898 zuwa 1905. Yawancin waɗanda suka aiko masa da kalmomi ba shaihunan malamai ba ne, mutanen gari ne da suka zauna da tsofaffinsu suka rubuta abin da suka ji.

Mu ma an yi mana wani ɓangare na aikin. Wani likita mai suna Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, Bargery kuma ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934. Sai dai waɗannan a ƙasar Hausa aka tattara su. Hausar Yawunde da Duwala da Bamenda da Kumba, wadda ta yi fiye da shekara 100 tana cuɗanya da Fillanci da Ewondo da Faransanci da Turancin buroka, tana da nata abin da babu mai rubuta shi sai mu.

Shawarata ba ta buƙatar kuɗi. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida ya sayi littafin rubutu, ya zauna da su bayan cin tuwon dare. A tambaye su sunan kifi ko ganye, da kamanninsa, da abin da ake yi da shi, da sunan da makwabta ke kiransa, da garin da suka ji shi. Mai wayar hannu ya ɗauki muryarsu, domin rubutu ba ya nuna karin sauti. Masu sayar da maganin gargajiya da masu kawo banda daga arewa su ma taska ce, a matsa kusa da su. Iyaye mata kuma idan za ku aiki yaro kasuwa ku faɗa masa sunan Hausa tukuna, sa'an nan na kasuwa, ya riƙe duka biyun. Wanda ya tara ko da sunaye 20 ne ya aiko wa wannan shafi, mu gwada da na sauran garuruwa mu ga inda muka haɗu da inda muka rabu.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. To tsohuwar zumar tana nan a ɗakunan kakanninmu, kuma kullum raguwa take yi. Allah Ya ba mu ikon ɗiba tun da sauranta.