Ko Ƙananan Motocin Lantarki Za Su Fisshe Mu A Ikko?

Duk wanda ya san Ikko ya san Mile 2. Nan ne hanyar Badagry ta gamu da hanyar da ta taso daga Oshodi zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa. Ga tankokin mai, ga tireloli, ga danfo, kowa na neman gaba. Na sha bin wurin lokacin hutu, in na taso daga gidan kawuna a Agege za ni Alaba Rago, kuma na sha ganin 'yan makaranta tsaye bakin titi rana ta take, an daɗe da kaɗa ƙararrawa. Mu da ke shirin zama malamai, abin ya shafe mu.

To, akwai wata dabara da Turawa suka ƙago. Ƙananan motoci ne na lantarki, ba direba, suna gudu bisa tasu gada. Mutum ya shiga, ya danna inda za shi, sai ta kai shi, ba ta tsaya wa kowa a hanya. An fara irinta a garin Morgantown na Amurka a 1975, domin 'yan jami'a. A 2011 aka buɗe wata a filin jirgin sama na Heathrow a Ingila, motoci 21, kowace tana ɗaukar mutum 4. A Masdar kuwa, cikin Abu Dhabi, an yi niyyar ta game gari duka, amma da aka buɗe a 2010 tasha biyu rak aka samu.

Da na karanta labarin, sai na ɗauko allo na yi lissafi. A ce kowane sakan 10 mota ɗaya na wucewa, watau motoci 360 ke nan a awa. In kowace ta cika da mutum 4, an kwashe 1,440. Jama'a, mene ne 1,440 a Mile 2 da safe? Jirgin ƙasa ɗaya yana kwasar ɗaruruwa a tashi guda. Ga tsadar gina gada a kowace unguwa, ga bukatar lantarkin da ba ya ɗaukewa. Lalle ba a kwasar ruwan Kwara da ludayi.

Abin da ya dace da yawanmu shi ne jirgi, kuma mun daɗe muna jiransa. Gwamna Lateef Jakande ya tasar wa aikin a 1983, mulkin soja ya soke shi a 1985. Sai a Satumba 2023 jirgin lantarki ya fara ɗaukar mutane daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13. A 2024 kuma aka buɗe layin Agbado zuwa Oyingbo, wanda ya ratsa Agege.

Amma fa jirgi ba ya kai kowa ƙofar gida. Wannan aiki 'yan acaɓa suka daɗe suna yi, da yawansu kuwa samarinmu ne na Arewa. Ashe abin da Bature ke nema da na'ura, talaka ya riga ya samu bisa babur, ko da yake da haɗari. A 2020 da 2022 Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a wasu unguwanni da manyan tituna, mutane da yawa suka rasa abin yi, fasinja kuma suka koma takawa.

A ganina, a bar ƙananan motocin nan ga filin jirgin sama da harabar jami'a, inda tafiya gajera ce, mutane kuma ƙididdigaggu. Kuɗin jama'a a zuba shi wajen tsawaita layin jirgi, a kuma shirya ƙananan bas masu lasisi daga tasha zuwa unguwa, a horar da samarin nan su tuƙa su.

'Yan'uwana ɗalibai, in mun fita koyarwa mu ba yara wannan lissafi su yi da kansu. Cikinsu za a sami masu shirya biranen gobe. Allah ya sa su fi mu dabara.