Wa Ke Jinyar Mai Jinya?

A makarantarmu akwai wata yarinya 'yar aji biyar wadda kullum takan yi barci a kan benci. Muka yi mata faɗa, muka sa ta shara, duk a banza. Ran nan bayan an tashi muka bi ta har gida domin mu kai ƙara wurin iyayenta. Da muka yi sallama muka shiga, sai ƙarar ta maƙale mana a wuya. Ga wani saurayi kwance a kan tabarma, ba ya tafiya, ba ya magana, uwarsa tana ba shi kunu da ludayi. Ashe yayan yarinyar ne. Ita ce takan karɓi uwar da dare domin matar ta ɗan runtsa.

Uwar ta ce mana, "Malam, tun shekarar dalma yake haka."

Mutanen ƙasar Anka da Bukkuyum sun san shekarar da take nufi, watau 2010. A lokacin nan akan kawo duwatsun zinariya cikin gida, a daka, a niƙa, ba a san akwai dalma a cikinsu ba. Ƙurar ta bi ɗakuna da tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. A ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma yara suka riƙa suma da jijjiga, har fiye da 400 suka mutu. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta buɗe wurin magani a Anka da Bukkuyum, aka kwashe ƙasa mai guba daga gidaje aka zuba sabuwa. Ta Bagega sai a 2013 aka kwashe. A 2022 ƙungiyar ta miƙa aikin ga gwamnatin jihar Zamfara.

To, magani yakan fitar da dalma daga jini, amma ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace. Waɗansu yaran sun rayu da makanta, waɗansu da shanyewar jiki. An ƙidaya waɗanda suka mutu, an ƙidaya waɗanda aka yi wa magani. Su kuwa uwayen da suka koma gida da irin waɗannan yara, aikinsu ba shi da ranar sallama. Wannan mata ta fi shekara goma tana ɗaga ɗanta, tana yi masa wanka, tana wankin shimfiɗa. Ta bar sana'arta ta ƙuli-ƙuli, ba ta zuwa biki ko suna. Bayanta yana ciwo, amma ba ta taɓa zuwa asibiti domin kanta ba.

Ba dalma kaɗai ke jawo wannan ba. Sa'ad da ambaliya ta ci gidaje a Gummi cikin Agusta 2024, ko sa'ad da 'yan bindiga suka kori mutane daga ƙauyukansu zuwa Anka, mai lafiya yakan ɗauki kaya ya gudu, mai jinya kuwa sai ta goya tsoho ko gurgu. A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta nuna cewa kashi uku cikin huɗu na irin wannan aiki marar albashi mata ne ke yinsa. A Ingila akwai alawus da gwamnati ke ba masu jinyar 'yan'uwansu a gida. Mu a nan, alawus ɗin mai jinya shi ne maƙwabcinsa.

Amma bari mu duba yadda muke gaisuwar marar lafiya. Mukan ce, "Yaya mai jiki? Allah ya sawwaƙe," mu sha ruwan da mai jinya ta ɗebo, mu tashi. Kaɗan ne ke tambayarta ko ta ci abinci.

Saboda haka muka yi shawara da zumuntar mata. Yanzu mata biyu sukan je gidan kowace ranar kasuwa su zauna da yaron, uwar ta fita. Samari suna kai itace da ruwa. Maigidan ma, da ya ga baƙi suna ɗaga ɗansa, sai ya fara kwana da shi dare biyu a mako. Ba mu warkar da kowa ba, gama wannan ya fi ƙarfinmu. Amma uwar ta sake ɗora kaskon ƙuli-ƙuli, yarinyar kuma ta rage barci a aji.

Mu malamai mun ji kunya ƙwarai, domin mun hori yarinya a kan gajiyar da ya kamata mu gode mata. 'Yan'uwa, a unguwarku ma akwai irin wannan gida, ko na Kirista ko na Musulmi. In kun je gaisuwa a wannan wata, ku tafi da niyyar zama na awa biyu, ku ce wa mai jinya ta je ta kwanta.