Awarwaron Radha

Mu a Furfuri ba ma jin yaren Indiya, amma babu wanda ya yi mana tafinta kafin mu gane Mother India. Fim ne na 1957 da Mehboob Khan ya shirya, Nargis ta fito a matsayin Radha. Manyanmu a silima suka gan shi a Gusau, mu muka tarar da shi a kaset a gidan kallo, ƙannenmu kuma a waya suke tura wa juna.

Da bashin biki labarin ya fara. Uwar ango ta jinginar da gona wurin Sukhilala, ta karɓi rufi 500 don a fita kunyar jama'a. A saninta kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin gona za a riƙa ba shi, takardar da aka dangwala wa yatsa kuwa kashi uku ta ce. Dattawan gari suka zauna, suka ba mai takarda gaskiya. Wa zai koya mana wannan karatu? Mun san mai cin bashin kuɗin taki da damina, ya biya da buhun masara da kaka, daidai lokacin da hatsi ya faɗi warwas a kasuwa. Mun san uban da ya rabu da shanun huɗa saboda kayan ɗakin 'yarsa.

Akwai waƙoƙi, kuma muna son su. Sai dai soyayyar da ta fi zama mana a rai a gona take. Miji da mata suna kokawa da wani ƙaton dutse don su ƙara fili, dutsen ya danne hannuwan Shamu, ya rasa su duka biyun. Da ya ga ya koma sai an ba shi a baki, ya sulale cikin dare, bai sake dawowa ba. Har yau ba mu daidaita a kansa ba: mazanmu na cewa kunya ce, matanmu na cewa gudu ne. Radha ta ɗauki garma ta ja da wuyanta. Ambaliya ta cinye amfanin gona, yara na kukan yunwa, Sukhilala ya ce ga abinci in za ta ba da kanta. Ta ƙi.

A da, tausayinmu duk yana wurin Birju, ɗanta mai zafin kai. Sunil Dutt ne ya fito a matsayinsa, wanda ya auri Nargis a 1958, suka haifi Sanjay Dutt da muke kira Ɗan Daba Mai Lasin. Birju ya tashi yana ganin awarwaron uwarsa a hannun mai ba da bashi, ya shiga daji, ya dawo da bindiga da mahaya. Tafi muke yi ranar da ya kashe Sukhilala.

Yanzu da muka san ƙarar babura cikin dare, muka ga gonakin Tsafe da Bungudu da ba a iya zuwa nomawa, tafin ya ragu. Birju bai tsaya kan wanda ya zalunce shi ba, ya sungumi Rupa, 'yar Sukhilala, ranar aurenta. Radha ta ce ya sauke ta, ya ƙi, ta harbe shi. Ya mutu a jikinta, yana miƙa mata awarwaron da ya ƙwato. Idan aka zo wurin nan, tsofaffin matanmu kan ja bakin mayafi su rufe fuska, wasu kuma su tashi su ce za su duba tukunya.