Nazarin Darasi a Japan da Yadda Ya Kaya a Ƙasashen da Suka Are Shi

A ƙasashe da dama, ƙara wa malami sani bayan ya kama aiki yana nufin a ɗauke shi daga aji zuwa taron bita na 'yan kwanaki, inda wani masani zai yi masa lacca, a sallame shi da takardar shaida da kuɗin mota, ya koma ya ci gaba da koyarwa yadda ya saba. Malaman firamare na Japan kuwa sun fi dogara da hanyar da suke kira jugyo kenkyu, wato nazarin darasi, wadda ta samo asali tun zamanin sarki Meiji, bayan kafa makarantar horon malamai ta Tokyo a 1872. Malaman makaranta ɗaya ne ke haɗuwa su shafe makonni suna tsara darasi guda tak, sannan ɗayansu ya koyar da shi, sauran suna tsaye a gefen aji suna rubuta abin da yara ke faɗa da abin da suke yi a littattafansu, daga bisani a zauna a tattauna, galibi tare da baƙon masani daga jami'a ko hukumar ilimi.

Mafi nauyin aikin yana gudana tun kafin a shiga aji, a matakin da ake kira kyozai kenkyu, wato zurfafa bincike a kan abin da za a koyar da yadda yaro zai fahimce shi. Littattafan lissafi na aji ɗaya, alal misali, sukan fara ɗebewa mai aro da 13 a cire 9, domin kusancin 9 da 10 yana jan yaro ya raba 13 zuwa 10 da 3, ya cire 9 daga 10, ya haɗa 1 ɗin da ya rage da 3. Malamai za su iya kwashe zama guda suna muhawara kan abin da zai faru idan aka musanya da 12 a cire 3, inda yawancin yara za su gwammace su fara cire 2 su sauko 10, kana su cire 1. Kowace amsa da ake tsammanin yaro zai kawo, har da ta kuskure, ana rubuta ta a tsarin darasin tare da abin da malami zai ce. Shi kansa allo ana tsara shi tun farko, ta yadda ba za a goge komai ba har ƙarshen darasi, yaro ya ga hanyoyin abokansa jere ya kwatanta su.

Duniya ta farga da wannan al'ada ne bayan binciken TIMSS na 1995, wanda ya ɗauki bidiyon darussan lissafi a azuzuwa 231 na Jamus da Japan da Amurka, da kuma littafin The Teaching Gap da James Stigler da James Hiebert suka wallafa a 1999. Sai dai sakamakon aron bai zo iri ɗaya ba. A Amurka, Catherine Lewis da Rebecca Perry sun rarraba rukunonin malamai 39 ta hanyar ƙuri'a, suka tarar cewa waɗanda suka yi nazarin darasi da taimakon kayan bincike a kan lissafin rabi da sulusi da rubu'i sun ƙaru, ɗalibansu ma sun ƙaru. A Ingila kuwa, gwajin da gidauniyar ilimi ta EEF ta ɗauki nauyi a makarantu 181, wanda aka fitar da rahotonsa a 2017, bai nuna wani ƙarin ci gaba ba a karatu ko lissafin yara. Fassara mafi kusa da hankali ita ce shiga ajin juna kaɗai ba ya gyara koyarwa, sai idan masu shigar sun riga sun tona darasin har gindinsa.

Akwai kuma batun lokaci, wanda masu aro kan tsallake. Binciken ƙasa da ƙasa a kan malamai, wato TALIS na 2018, ya nuna malamin ƙaramar sakandare a Japan yana koyarwa kimanin awa 18 a mako, takwaransa na Amurka kuwa kusan 28, ga kuma, a Japan, manhaja ɗaya ga ƙasa baki ɗaya da ɗakin malamai da kowa ke da teburinsa kusa da na abokan aikinsa. Ba abin sha'awa ba ne duka, domin jimillar aikin malamin na Japan ta kai awa 56 a mako, fiye da na kowace ƙasa da aka auna.

Hukumar haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa ta Japan, wato JICA, ta kai irin wannan tunani Afirka, ta fara da Kenya a 1998, sannan Zambiya a 2005, inda aka dasa nazarin darasi a cikin makarantu. A Najeriya shirin SMASE na lissafi da kimiyya ya soma a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato, amma bisa tsarin horon gangare, wato a horar da 'yan kaɗan su je su horar da wasu, abin da ya fi kama da bitar da aka saba. Wani cikas ɗin shi ne, inda malami ya saba cewa babba ba ya zama a bayan ajinsa sai in sufeto ne ya zo duba aiki, da wuya ya yarda a ga inda yaransa suka ruɗe. A Japan ana rage wannan fargaba da cewa tsarin darasin na rukuni ne gaba ɗaya, wanda ya koyar shi ke fara magana a zaman tattaunawa, kuma ana sa ran duk mai tsokaci ya kafa hujja da abin da ya gani a littafin wani yaro.