Malaman Wasanni na Ƙasar Rake

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da hunturu zai gane ya shigo ƙasar Makarfi ko ba a faɗa masa ba. Rake ne zai sanar da shi, a tsaye a gonaki, a jingine a Tashar Yari, a ɗaure dami-dami a bayan manyan motoci. In ka gangara Kudan, wajen Hunkuyi da Likoro, sai ka tarar da abin da ba ka zata ba a Arewa, rumfunan inabi jere da juna. Ikara kuwa tumatir ne tutarta, har da masana'antar sarrafa shi. Mutanen nan na masarautar Zazzau ba su san zaman banza ba.

Daga Sakkwato na zo ɗaurin auren ɗan wani aminina. Da yake koyar da darasin motsa jiki da kiwon lafiya ne sana'ata, sai ƙanin ango, wanda shi ma malamin wasanni ne a wata ƙaramar sakandare, ya ce lallai in leƙa filinsu kafin in koma. Abin da na gani ya sa na ƙara kwana, har na zagaya wasu makarantu na Ikara da Kudan.

Ciwon wannan sana'a tamu shi ne kaɗaici. Malamin lissafi yana da abokan shawara a ofis, amma malamin wasanni sau da yawa shi kaɗai ne a makarantarsa, ba a tunawa da shi sai gasar intahaus ta matso. Manhajar da aka fara aiki da ita a 2014 ta cusa darasin namu cikin na kimiyya da fasaha, sai ya koma abin kwafa daga allo. Yaro ya iya zana filin ƙwallon raga a littafi, alhali bai taɓa riƙe ƙwallon ba.

Malaman nan sun yi wa kaɗaicin magani da wayar hannu. Zaure suka buɗe a WhatsApp, su ya su, ba da umarnin kowa ba, babu alawus, babu takardar shaida. A ciki akwai waɗanda suka yi Jami'ar Ahmadu Bello, akwai waɗanda suka yi kwalejin ilimi ta tarayya ta Zariya, akwai masu karatun nesa na Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Da yawansu matasa ne da suka kama aiki bayan jarrabawar 2017, wadda ta jawo aka sallami malaman firamare sama da 21,000 a jihar Kaduna aka ɗauki sababbi.

Na tsaya a gefen fili ina kallo. Ƙanin angon nan ya ja layi da toka, ya sa an kwance ƙasar ramin dogon tsalle da fartanya an zuba buntun shinkafa. Sai ya miƙa wa wani ɗalibi wayarsa, wadda gilashinta ya tsage, ya ce masa, "Tsaya nan gindin darbejiya, kada ka girgiza hannu." Ya busa usur, yara suka riƙa tahowa ɗaya bayan ɗaya. Bayan sallar isha'i, da sabis ya ɗan daidaita, ya tura hoton bidiyon cikin zaure.

Muna zaune a tabarma amsoshi suka fara shigowa, galibi saƙon murya da Hausa. Wani dattijon malami daga Paki ya yi sallama, ya yaba, sannan ya ce, "Malam, ka dubi bayan hoton. Yaro ɗaya ke tsalle, sauran duk suna tsaye a layi suna cin rana. Raba su gida huɗu mana, wasu tsalle, wasu tsere, wasu langa, wasu igiya, ka riƙa juya su da usur." Na yi shekaru ina halartar bita, ban taɓa jin an sa yatsa kan wannan aibi kai-tsaye haka ba, don a ɗakin bita ba a ganin darasinka, bakinka kawai ake ji. Ƙanin angon bai ji haushi ba. Cewa ya yi, "Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma," washegari kuma ya gwada. Da idona na ga aji guda yana motsi gaba ɗaya, har da yaran da jiya suka tsaya a layi.

Wannan gyara ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum, kuma binciken da ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na matasan duniya ba sa samun haka. Kada wani ya ce ai yaran ƙauye suna zuwa gona. Noma yana ƙarfafa jiki, amma ba ya koya wa yaro bin doka a wasa, da karɓar kaye ba tare da dambe ba.

Inda zauren ya fi burge ni shi ne batun 'yan mata. Wata malama a ƙasar Kudan ta ba da labarin yadda ta shawo kan iyaye: ta keɓe wa 'yan mata gefen fili bayan azuzuwa, ita ke tsaya musu da kanta, suna cikin hijabi da dogon wando, ta fara da gaɗa da tsallen igiya kafin ta kai su ga tseren miƙa sanda. Malamai maza suka yi ta tambaya, "Malama, ya kika yi da hedimasta? Me kika faɗa wa mai unguwa?" Ana kuma tattauna yadda za a sassauta darasi da azumi, da abin da za a yi in yaro ya targaɗe. Batun targaɗe kam, wani da ya yi kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris a Makarfi ne ke amsawa, kuma kullum yana gargaɗi kada a ja ƙafar da ake zaton ta karye.

Kuɗin data daga aljihunsu yake fita, caji kuma sai an kai shago. A wasu ƙauyukan sai malami ya shigo gari ranar kasuwa kafin ya sauke saƙonnin mako. Duk da haka ba su fasa ba.

'Yan'uwana malaman wasanni na Sakkwato da Kebbi da Zamfara, wayar nan tana aljihun kowannenmu. Ku nemi malamai biyar na makarantun da ke kusa da ku, kowa ya ɗauki darasinsa guda ya tura, a faɗa wa juna gaskiya cikin ladabi. Hukumomin ilimi kuma, in ba za su iya sayo mana ƙwallo ba a bana, su taimaka wa irin waɗannan malamai da kuɗin data.