Tsohuwar kwamfutata da ƙwallon ɗana

A babban hutun bara, ɗana na fari, mai shekara 14, ya sa manhajar PCSX2 cikin tsohuwar kwamfutar da nake rubuta makin ɗalibai. Manhajar tana sa kwamfuta ta kwaikwayi PlayStation 2, na'urar wasan da kamfanin Sony ya fitar a shekarar 2000. Ƙwallon PES yake son bugawa, amma ƴan wasan suna tafiya kamar masu taka laka, muryar mai sharhi kuma tana yankewa. Ya ce: "Baba, wannan ta tsufa, sai sabuwa." Albashin malamin firamare kuwa kun san shi.

Har na kai hannu zan goge abin, sai na tambaye shi: "Kai, me ya sa kwamfutar da aka ƙera bayan na'urar da shekaru ta kasa ɗaukar wasanta?" Ya yi shiru. Muka bincika tare. Ashe manhajar tafinta ce: kowane umarnin wasan sai ta juya shi zuwa harshen da kwamfuta take ji, nan take, ba hutawa. Aiki biyu ke nan a kan mai ɗauka ɗaya.

Na miƙa masa littafi da biro, na kafa masa sharaɗi guda: abu ɗaya zai canza, ya rubuta saurin da manhajar ta nuna, kana ya taɓa wani. Kashi 100 shi ne cikakken sauri.

Da ya jona caja, saurin ya ƙaru, don a kan batir kwamfuta takan rage ƙarfinta. Ya rufe shafukan intanet da ke buɗe a baya. Ya mayar da kaifin hoto yadda yake a na'urar ta asali, tunda dama ya ninka shi uku don ya yi kyau. Babban ɓarawon kuwa zafi ne. A kan katifa yake ɗora ta, kafofin iska a toshe, fanka cike da ƙurar hunturu, kuma kwamfuta in ta yi zafi da kanta take sassautawa don kada ta lalace. Muka kai ta wurin mai gyara ya share, muka ɗaga gindinta da katako biyu.

Wata rana gaggawa ta kama shi, ya canza abu uku a tare, wasan ya ƙara lalacewa, ya rasa wanne ne sanadi. Ban ce masa komai ba. Da kansa ya koma littafin.

A makarantar horar da malamai an koya mana a bar yaro ya gwada da hannunsa. Shekara ashirin ina faɗar haka a bakin allo, ban ga ya zauna a kan yaro kamar yadda ya zauna a tsakar gidana ba.

Yanzu awa ɗaya yake wasa, bayan ya gama aikin makaranta. Littafin yana nan, har maƙwabta suna aiko masa da tasu kwamfutar.